Hannun da Nake Zanen Lalle da Shi

Salamu alaikum. Tun damina ban sa hoton lalle ko ɗaya a nan ba. Masu tambaya ku yafe mini, ko waya ba na iya riƙewa.

Gonarmu a Pélébina tana ƙetaren rafi. Da Yaya Sani ya tafi aiki a Gare, wato tashar mota, ni na koma tuƙa kwalekwale ina kai wa Baba abinci. Ba wanda ya koya mini. Na damƙe filafili kamar muciya, ina murɗawa da wuyan hannu, gefe ɗaya kullum.

Da wuyan hannun ya fara zafi, sai na ɗaure wurin tamau da robar taya. Kunya ta hana ni faɗa.

Ran nan ina yi wa wata amarya zane, lallen ya suɓuce ya ɓata mata tafi. Yatsuna uku sun mutu, ba na jin su.

Inna ta kai ni wurin mai ɗori a Djougou. Ya ja hannun har na suma. Washegari ya kumbura kamar doya.

Baba ya sayar da tunkiyarsa, muka tafi asibiti a Parakou. Layi tun asuba, hoton ƙashi, allura. A kan benci nake ta kallon yatsuna ina roƙon su motsa. Karatuna bai wuce firamare ba. In hannun ya tafi, me ya rage mini?

Likita ya ce, “Ba karaya ba ce, ma fille, ’yata, jijiya ce ta kumbura. Wa ya ɗaure miki roba?”

Na sunkuyar da kai.

Inna ta ce, “Wannan ko wuta ta kama zanen da ke jikinta, sai ta nemi gafara kafin ta yi ihu.”

Aka sa mini abin tallafe hannu, aka yi ta gashi da motsa yatsu. Cokali ma Inna ke riƙe mini. Na sha kuka a bayan ɗaki.

Masu shiga kwalekwale, don Allah kada ku damƙe filafili da ƙarfi. Wuyan hannu ya tsaya miƙe, kugu da kafaɗa su yi aikin. Ku riƙa sauya gefe. In ya yi zafi, ku faɗa, kada ku ɗaure.

Na gode wa Allah, da iyayena, da likitan nan.

Jiya Inna ta miƙo mini tafinta in yi mata lalle. Furen ya fito a karkace, na ce ta wanke.

Ta janye hannun ta ce, “In kin isa, ki taɓa shi ki gani.”

Shi ne hoton da ke ƙasa.