Allurar Magen Inna

Ni ce autar Inna, amma tun da Baba ya rasu aka ƙwace mini sunan aka ba mage. Wata fara ce mai baƙin tabo a kunne ɗaya, Baba ya tsinto ta tana ƙarama a bakin kogi, a hanyarsa ta dawowa daga gonar shinkafa. Bayan rasuwarsa idon Inna ya ƙara lalacewa, yanar ido ta rufe shi har ta kai ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Na dawo gidanmu na Haɗeja da keken ɗinkina don in zauna da ita, sai na tarar an riga ni. A gabana za ta shafa bayan magen ta ce, "Auta, kin ji abin da yayarki ke faɗa?" Ni da furfura ta fara leƙo mini, wai ni ce yayar mage.

Nakan yi dariya, amma na san abin ya wuce wasa. Lokacin takaba Inna ta ƙi abinci, ta rame har muka tsorata, kuma ba ta fara kai loma baki ba sai da magen nan ta hau cinyarta ta zauna. Takan ce, "Ranar da wannan ta tafi, ku fara neman likkafani." Da murmushi take faɗa, ni kuwa ban taɓa jin maganar ba tare da gabana ya faɗi ba.

Wata bazara magen ta fara shan ruwa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta sha na kwanonta, ta sha na buta, ta je ta tsaya gindin randa tana kuka. Tana ci amma tana ramewa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tururuwa da na ga sun taru a inda ta yi fitsari, domin na taɓa ganin haka a gidan wani kawunmu mai ciwon suga. Na sa ta a kwali, na tari adaidaita sahu. Direban ya ji kuka a cikin kwalin ya waiwayo ya ce, "Hajiya, mage ce za a kai asibiti? To Allah ya ba mu lafiyar da za a kula da mu haka." Na kau da kai, don da na buɗe baki da mun yi faɗa.

Likitan dabbobin mutum ne mai haƙuri, a ƙofar ofishinsa shanu ne da tumaki ke jiran layi. Ya tsaga kunnenta kaɗan ya gwada jinin, ya ce ciwon suga ne. Ya ce akwai magani, insulin, irin wanda mutane ke yi, amma nata ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Ya ɗauko siririn sirinji ya nuna mini layukan da ke jikinsa, ƙanana, a jere a matse. Nata layi ɗaya ne, safe da yamma, kuma sai ta ci abinci. Babu tuwo, babu shinkafa, babu abin zaƙi, kifi da nama kawai. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kaina: "Hajiya, idan ya yi kaɗan, ciwon zai ci ta a hankali. Idan ya yi yawa, yini ɗaya ya ishe ta."

Na dawo gida da 'yar kwalba da mutuwa a cikinta. Haka na ɗauke ta tun ranar farko.

Wuta ba ta zama a unguwarmu, don haka na sa kwalbar a gwangwani mai murfi, na binne shi cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Kullum da safe sai in tono ta, in murza ta a hankali tsakanin tafukana, don likita ya ce kada a girgiza. In tsaya a bakin ƙofa inda haske ya fi, in ja maganin, in ɗaga sirinjin daidai idona. Ni mai ɗinki ce, na yi shekaru ina zura zare a kafar allura ba tare da na duba sau biyu ba, amma layin nan ya fi ƙarfin alfaharina. Baƙar robar da ke cikin sirinjin ta fi layin kauri, to ina ne daidai, bakinta na sama ko na ƙasa? Ga 'yar kumfar iska da ke maƙalewa, wadda ita kaɗai ta kusa kai girman maganin duka. In ɗan ƙwanƙwasa da farce, ta hau sama, in tura, sai ɗigo ya fito a bakin allurar in rasa ko iska na fitar ko magani. Sau da yawa nakan mayar da shi cikin kwalba in sake daga farko. Inna tana riƙe da magen a cinya tana cewa, "Ke dai yi ki gama, kin bar yarinya tana jira." In ɗaga fatar wuyan magen in soka, ba ta ko motsi. Ni ce ke yin gumi.

Sai sugan ya ƙi sauka. Na sayi 'yar na'urar gwaji irin ta mutane, na koyi tsaga gefen kunnenta, kuma duk lokacin da na gwada da rana sai in ga lamba tana can sama. Na kira likita, ya ce in ƙara rabin layi. Rabin layi ba a rubuce yake a sirinji ba, fili ne kawai tsakanin layi biyu, sai dai ido ya raba. Bayan wani lokaci ya sake cewa in ƙara rabi. Haka muka yi ta hawa, rabi-rabi, har muka wuce layi uku. Ya ce abin yana ba shi mamaki, ya tambaye ni ko tana cin wani abu a ɓoye. Na ce ina! Na rufe madafa, na kife tukwane, ƙwayar shinkafa ba ta kwana a tsakar gidanmu. Har tabarmar Inna na ɗaga ina neman guntun tuwo, ta ji haushi ta ce, "Yau kuma ni ake bincike a ɗakina? Ni ban ba ta komai ba." Na ji kunya na ba ta haƙuri.

A ƙarshe muka dace. Ƙishirwar ta ragu, gashinta ya kwanta, ta ci gaba da hawa katanga da hantsi kamar kullum, ta ɓace na ɗan lokaci ta dawo tana lashe baki. Na ɗauka ɓera take bi, kuma ɓera ai nama ne. Na fara jin kaina wata gwana.

Bayan katangar tamu gidan Gwaggo ne, tsohuwa mai sayar da fura da nono. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna a gari tun da daɗewa, kuma ita da Inna ƙawaye ne tun suna amare. Kullum da hantsi muna jin ƙarar ludayinta a ƙwarya. Wata rana ta shigo yi wa Inna sallama, 'yarta ta haihu a Malam Madori, za ta je zaman jego sai an yi arba'in. Ina kan keke na ce Allah ya raya, a gaida mai jego. Ko kaina ban ɗaga sosai ba.

Ba a jima da tafiyarta ba abin ya faru. Da safe magen ta ci kifinta, na yi mata allura yadda na saba, na koma ɗinki. Rana ta ɗan ɗaga sai na hango ta tana tahowa daga wajen katanga, tafiyar ba tata ba ce. Ƙafafun baya suna harɗewa. Ta nufi randa ta buga kanta a jiki kamar ba ta gan ta ba, ta juya, ta faɗi a gefe. Na tashi na isa wurinta ban san yadda aka yi ba. Idanunta a buɗe, baƙin ya cika su, ba ta kallon komai. Kunnuwanta sun yi sanyi. Sai jikinta ya fara karkarwa, ƙafafu suna shure-shure a ƙasa, yawu yana zuba.

Na san me nake gani, likita ya kwatanta mini tun farko. Maganin ya yi yawa, kuma ni na auna shi. Tsoron da ya kama ni ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da Baba ya cika, domin shi ba hannuna ne ya kai shi ba. Na so in yi ihu na danne bakina, saboda Inna tana ɗaki kuma ban so ta sani ba.

Amma kunnenta ya riga ya gaya mata. Daga ciki ta ce, "Me ya sa keken ya tsaya?"

Na ce, "Zare ne ya ƙare, Inna."

"Zare ba ya sa ki gudu. Ina Auta?"

Na faɗa ɗaki na ɗauko kwalbar zuma, murfin ya ƙi buɗuwa, hannuna yana santsi, na sa haƙori. Kafin in dawo Inna ta fito da rarrafe, tana lalube a ƙasa har hannunta ya faɗa kan magen. Ta ɗauke ta ta sa a cinya, ba ta ce komai ba sai Innalillahi, a hankali, tana maimaitawa. Na lakato zuma na buɗe bakin magen na shafa a dasashinta. Da ɗaya hannun na kira likita. Yana can wata ruga wajen Jahun yana yi wa shanu rigakafi, muryarsa tana yankewa. Ya ce in ci gaba da shafawa kaɗan-kaɗan, kada in ɗura mata a maƙogwaro, in ta farfaɗo in ba ta abinci, kuma kada in kuskura in yi allurar yamma.

Na yi ta shafawa. Ban san tsawon lokacin ba. Ina kallon magen, ina kallon fuskar Inna, ina tunanin likkafanin da take ambata. Can sai shure-shuren ya lafa. Na ɗauka ta tafi ne, har na janye hannuna, sai na ga harshenta ya fito ya lashi leɓe. Ta lashi yatsana. Ta ɗaga kai da ƙyar ta yi wani siririn kuka, Inna ta sunkuya ta kifa fuskarta a jikinta. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa cikin zumar da ta zube.

Likita ya sake kira ya ce, "Hajiya, me ya canja a kwanakin nan? Abinci ne ko awo?" Na rantse masa babu abin da ya canja, kifi ɗaya, layi ɗaya, lokaci ɗaya. Na ajiye wayar ina kuka, ina cewa to idona ne ya fara cin amanata, gara in daina kafin in kashe ta.

Sai Inna ta ce, "Fura ce."

Na ce, "Wace fura?"

"Ta Gwaggonki. Kullum da hantsi tana zuwa can. In Gwaggo ta gama damu takan bar mata sauran a ƙwarya, da nononsa da sukarinsa. In ta dawo ina jin ƙamshin a bakinta. Tun da Gwaggo ta tafi ban sake ji ba."

Na tsaya ina kallonta. Ashe duk rabin layin da muka yi ta ƙarawa, furar Gwaggo muke bi da shi. Furar ta tafi Malam Madori, maganin ya zauna.

Na ce, "Inna, kin sani kika yi shiru? Har na tambaye ki?"

Ta ce, "Kin hana ta komai, na ga 'yar furar nan ce kaɗai daɗin da ya rage mata. Kuma da wane baki zan ce wa maƙwabciya ta kori mage daga bakin ƙwarya? Ladanta take nema. Ni ban san allurarki da ƙwaryarta suna da haɗi ba." Ta shafa kan magen. "Da ta mutu, da kin ce ke ce."

Na yi niyyar yin faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Tsohuwa ce a zaune a ƙasa, zaninta duk zuma da ƙura, tana rungume da mage.

Likita ya mayar da mu layi ɗaya, muka sake hawa a hankali, kuma a wannan karon ba mu yi nisa ba muka tsaya. Da Gwaggo ta dawo, Inna da kanta ta kama hannuna muka zagaya gidanta, ita da ba ta taka ƙofar gida ba tun rasuwar Baba. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati, ta yi alkawarin kife ƙwarya, ko da yake ta ce, "To in ta zo ta zauna tana kallona fa? Ku dai kun haɗa ni da aiki." Na yarda da ita. Amma katangarmu ba gida ɗaya ta haɗa ba, kuma babu gidan da za a ga mage a bakin kwano a hana ta. Shi ya sa yanzu duk lokacin da ta dawo daga yawo Inna ke ɗaga ta ta sansana bakinta, ta ce mini, "Yau babu," ko kuma, "Yau an ba ta kunu a wani gida," ni kuma in gwada jinin in gaya wa likita.

Tsoron bai tafi ba. Kowace safiya ina tono kwalbar daga ƙarƙashin randa, in tsaya a bakin ƙofa, in ɗaga sirinji ina neman rabin da ba a rubuta ba. Abin da ya canja shi ne Inna ta daina ce mini in yi in gama. Idan na sunkuya zan ɗaga fatar wuyan magen, hannuna yakan taɓa nata.

Takan ce, "Kin duba da kyau?"

In ce, "Na duba, Inna."

Sai ta rufe wuyan magen da tafinta ta ce, "Koma haske ki sake dubawa."