Askin da Gwaggo Ta Yi wa Shukarta

Gwaggona tela ce, irin wadda zare ba ya leƙowa a bakin riga ya kwana lafiya. Ko ni in na shiga shagonta sai ta bi gefen mayafina da almakashi. Wannan halin ne ya cuce ta.

Mijinta direban babbar mota ne. A tafiyarsa ta ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da shi, ya zo mata da wani ɗan reshe a gwangwanin madara. Ya ce a bakin hanya ya tsinko shi, furensa ne ya sa ya taka birki. Ta tambayi launin furen, ya ce ta jira ta gani da idonta. Mutumin akwai jan rai. Har ya rasu bai faɗa ba, sunan shukar kuwa shi ma bai sani ba.

Reshen ya kama. Ta mayar da shi tukunya a ƙofar shago, ya yi tsayi iya gwiwa, da ƙananan ganye masu sheƙi. Shekaru suka wuce, fure shiru. Da ganyen ya fara yin rawaya yana zubewa, hankalinta ya tashi. Ta sa na ɗauki tukunyar muka je wurin wani mai sayar da shuke-shuke, ko za a dace da irinta.

Mutumin ya juya ganyen, ya murza, ya sunsuna.

"Mama, masu irin wannan ganyen suna da yawa. Sai da fure zan gane ta." Ya duba kan rassan. "Wa ke yi mata aski haka?"

"Ni ce. Duk wanda ya zarce 'yan'uwansa sai in daidaita shi."

"Ai a kan sabon tsiro take yin fure. Furen kike yankewa tun bai fito ba."

Ya tona ƙasar da yatsa, ya ce saiwar ma ta fara ruɓewa, ruwa ya yi mata yawa. Tausayin Gwaggo ya kama ni.

Ta daina askin, ta rage ruwa, amma rassan suka ci gaba da bushewa har saura ɗaya. Shi ne ya fitar da ɗan kan fure, bai kai ƙwayar wake ba. Ta riƙa barin keken ɗinki tana fita leƙa shi. Wata safiya muka tarar da shi a ƙasa, ya faɗo bai buɗe ba.

Ta ɗora shi a kan farin ƙyalle, ta sa tabarau, ta buɗe shi a hankali da tsinin allura. Sannan ta turo mini.

"'Yar nan, idonki ya fi nawa. Wane launi ne?"

Na duba. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske, na sake dubawa.

"Gwaggo, bai kai ga yin launi ba."

"Ƙara dubawa dai," in ji ta.