Jajen da Ba a Yi wa Baba Jibo Ba

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. A wani ƙauye kusa da Aujara aka haife ni, kuma ba don abin da zan gaya muku ba, da a nan zan tsufa ban taɓa kwana a wani gari ba. Ba ni da son yawo. Zaurena ya ishe ni: tabarma, zabira, da mutum a gabana ya sunkuyar da kai. Karatu kuwa ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Abin da Allah Ya ba ni shi ne baki da kunne. Ku sani, samari, mutum in aska na bisa kansa, bakinsa ba ya rufuwa. Na san wanda rumbunsa ya kusa ƙarewa, na san wanda ya binne tukunya a bayan ɗaki.

A lokacin nan, Nasara ba su daɗe da cin ƙasar ba. Aka ce haraji an daina karɓar kuɗin wuri, sai kuɗinsu na ƙarfe. Ana cikin haka jirgin ƙasa ya iso Kano, labari ya zo cewa Turawa na sayen gyaɗa da tsada. Kowa ya shiga neman hanyar da gyaɗarsa za ta kai can.

Ina da wani ɗan'uwa mai jakuna da ke zuwa Kano. Wata rana maƙwabcina ya kawo taiki ɗaya na gyaɗa, ya ce in ba ɗan'uwan nawa ya sayar masa. Da kuɗin suka dawo ta hannuna, sai na zare sisi na sa a zabira. Mutumin ya karɓi sauran yana ta sa mini albarka. Abin da ya lalata ni ke nan: na ci haram, aka kuma gode mini.

Daga nan na fara sakin magana a kan aski. In ce ai na san wani akawu a wurin Bature, in ka kawo abin sule, bayan wata guda ka karɓi sule da sisi. Babu wani akawu. Ni ko ƙofar Kano ban taɓa gani ba. Gyaɗar da aka kawo, ɗan'uwana ke sayarwa kamar ta kowa, bai san komai ba. Abin na bana shi nake ba na bara, na jiya in biya shi da na yau, sauran kuma in ci nama in ɗinka riga. Tanko mahauci yana cikin na farko. Ya karɓi ribarsa, ya zuba a tafi yana karkaɗawa a bakin kasuwa. Bayan wannan ban ƙara roƙon kowa ba. Har daga Miga ake sallama a ƙofata.

Mutum ɗaya ya ƙi, shi ne Baba Jibo, aminin mahaifina. Dattijo ne mai tsantseni. Yakan ce mini, "Kai yaro, kuɗi ba akuya ba ne, da me suke haihuwa?" In yi dariya in ci gaba da aski. Amma kunnena na nan. Wata rana na ji ya yi ajiyar zuciya, na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce ɗansa ya tafi cin rani bai dawo ba, ga shi dagaci ya ce harajin yaron na wuyansa, ɗan aike ya zo har sau biyu.

Na ce, "Ai Baba ga gyaɗar irinka nan zaune. Kafin ruwan farko na dawo maka da ita, da abin haraji a kai."

Kun san manomi yakan kwana da yunwa irinsa na ajiye bai taɓa ba. Can ya ce, "Don darajar ubanka zan ba ka. Bai taɓa yanka ni ba." Da hannunsa ya ɗora mini ita a kan jaki.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa, kowa ya tuna da gonarsa, suka zo mini a tare. Babu abin ba su. Na gudu Dutse na ɓuya cikin duwatsu, yunwa ta sauko da ni kasuwa, a nan dogari ya kama ni. Gaban alƙali ban yi musu ba. Aka sayar da jakina da rigunana, abin bai kai ko'ina ba. Aka ɗaure ni, aka kai ni gidan yari a Kano. Haka na ga Kanon da na daɗe ina ba da labarinta, da mari a ƙafa, ina ɗaukar ƙasa a ka. Na yi shekaru a can. Uwata ta rasu ba na nan.

Da aka sake ni na zaci jifa zan tarar a gida. Sai na tarar da abin da ya fi jifa. Ina isowa gindin tsamiya inda ake hira, Tanko ya ɗaga murya, "A'a, gwani ya dawo! Yaushe za a buɗe kasuwa?" Aka kwashe da dariya, har da mai matsa mini wuri. Na tambayi Baba Jibo. Wani ya ce, "Wa? Sule-da-sisi? Ai ya daina fitowa." Ashe sunan da aka sa masa ke nan, har yara na binsa da shi. Tanko ya ce, "Bar su, duk waɗanda aka cinye wa gyaɗa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wa ya aike su?"

Na same shi a zaurensa yana tufkar igiya. Ya rame, suma ta cika masa kai fara fat. Ashe tun da abin ya faru bai sake ba wanzami kansa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Gyaɗa ai ta wuce. Shekarar nan ƙodago na yi a gonar yaran da na goya, na ci na rayu. Amma ka san a wannan shekarar rumbun Audu ya ƙone? Garin nan kaf aka je masa jaje, kowa da daminsa, har ni na kai rabin nawa. Jakin mutum ya ɓata, a je jaje. Ɓarawo ya haura katanga, a je jaje. Ni ko mutum ɗaya bai taka ƙofar nan ya ce mini sannu ba. Da wuta ce ta ci, da na fi daraja."

Na tashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na tsaya a bakin masallaci na roƙi liman ya bar ni in yi magana. Na faɗi yadda na yi, ban rage ba. Na ce akwai masu kwaɗayi a ciki, ba zan yi ƙarya ba, akwai wanda ya dawo mini sau uku idonsa na ƙyalli. Amma Baba Jibo haraji ne ya kawo shi, da sunan ubana. Tanko ya ce daga bayan jama'a, "Mu dai da muke da wayo mun fita da riba." Na ce, "Tanko, babu Bature, babu akawu. Ribar da ka karkaɗa a kasuwa gumin mutanen nan ne. Ba wayo ka fi su ba, riga su zuwa ka yi." Ya ja hularsa ya wuce. Ba wanda ya yi dariya.

Na yi kasuwanni ina aski a Dutse, inda ba a san fuskata sosai ba, har na tara abin ƙwarya guda ta gyaɗar iri. Na ɗauka a ka da rana tsaka, ta tsakiyar gari, don kowa ya gani. Na yi sallama, na ajiye, na ce, "Baba, ashe abin da ya same ka ke nan? Sannu. Allah Ya mayar da alheri."

Ya ce, "Amin. Ka ji ikon Allah, ɓarawon ne ya fara zuwa." Kafin la'asar liman ya zo, Audu ma ya zo da dami. Wasu suka biyo, wasu ba su zo ba har yau. Tanko bai zo ba.

Da zan tafi na ce, "Baba, ga zabira na zo da ita." Ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Amma kaina ba zai sake shiga hannunka ba." Washegari ya fita gindin tsamiya, wani wanzami ya yi masa aski. Har ya rasu ban sake taɓa kansa ba, ban kuma ga laifinsa ba.

To samari, ga ni na tsufa a zauren nan, ina neman gafarar Allah. Kada ku raina sisin farko, shi ya kai ni Kano da mari. Wanda ya ce muku kuɗi na haihuwa ba tare da gumi ba, ku tambaye shi ina garken yake. In kuma kun ji an cuci wani, kada ku tsaya auna wautarsa. Mu masu cutar, dariyarku ce rufin asirinmu, don wanda aka yi wa dariya ba ya faɗa, sai mu wuce gida na gaba. Ku tashi ku je ku ce masa sannu, kada ku bari ɓarawo ya riga ku.