Wurin da Baba Yero ya ajiye wa kansa

Baba Yero mutumin Tasawa ne, a ƙasar Nijar. Da ƙuruciyarsa ya biyo motar shanu zuwa Fatakwal, ya yi dako, ya yi gadi, daga bisani ya zama mai haƙa kabari a maƙabartar Musulmi. Ƙasar wurin ba ta da amana: da damina, kafin ramin ya kai gwiwa ruwa ya tsattsafo. Tudu guda ne ba ya ruwa, shi ma ya cika da kaburbura.

A kan tudun nan ya binne 'yarsa Najiba, da hannunsa, shekarar da ƙyanda ta shiga unguwar Diobu. Kusa da ita akwai fili daidai kwanciyar mutum ɗaya. Yero ya jibge itacen rufin kabari a kai don kada ido ya faɗa masa. Nan yake nufin a sa shi. Kowa ya sani, ba mai magana.

Da Nijar ta ce ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, rediyo ya riƙa cewa hukumomi suna zaman tsara yadda rabuwar za ta kasance, kuma 'yan Nijar da ke nan za su ci gaba da zamansu "kafin a yanke shawara". Wannan "kafin" ɗin shi ya tsaya wa Yero a rai.

Sagiru mahauci, mai teburin nama a kasuwar Mile 3, ba ya ganinsa ya ƙyale.

"Baba na Faransa! An ce ku tattara. Bar mini shebur ɗin, in riƙa tunawa da kai."

"Ɗan nema, ni zan rufe ka kafin in tafi," in ji Yero.

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Masu albasa 'yan Galmi ta Nijar sun rage zuwa. Mai shayin bakin masallaci ya sayar da bencinsa ya hau motar komawa Nijar. Babban ɗan Yero yana ta kira daga Tasawa: "Baba, ka taho tun ana wucewa salin-alin. Ran da suka ce sai da takarda, wa zai tsaya maka?" Har Yero ya daina ɗaukar wayar. Ba shi da takardar komai. Bai taɓa buƙatarta ba.

Ana tsakiyar damina zazzaɓi ya ɗauke Aslam, ɗan Sagiru, yaro ɗan shekara tara. Yero ya haƙa a gabas, ruwa. Ya koma gindin katanga, ruwa. Jama'a na tsaye da makara, hadari yana haɗuwa. Sagiru yana kallon ramin da ke cika.

Yero ya hau tudu, ya fara kwashe itacen ɗaya bayan ɗaya.

"A'a, Baba," in ji Sagiru. "Naka ne."

"Nawa ne in sun bar ni na mutu a nan. Kai ka ji sun ce za su bar ni?"

Ƙasar ta fito a bushe, ja wur. Ya gyara ramin da tafin hannu, ya karɓi yaron ya kwantar.

Da aka watse, ya zauna gefen Najiba ya cire ciyawar da ta fito mata. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ɗansa ne daga Tasawa. Wannan karon ya ɗauka.