Saurayin da na zaunar kusa da Inna Hajjo

Har yau ban manta da ranar da Inna Hajjo ta shigo shagonmu na hoto a Wad Madani ta ƙasar Sudan ba, a ƙarshen shekarun sittin, ana tsakiyar tsinkar auduga. Ustaz Usman, mai shagon, ya ɗauke ni aiki ne saboda matan da ba sa yarda su zauna gaban namiji. Ni kuwa ɗakin wankin hoto na fi so, inda fuska ke tasowa daga farar takarda a hankali kamar mai farkawa.

Daga wani ƙauye kusa da Makwar ta zo, da 'ya'yanta a bayanta. Ƙanenta zai koma Sakkwato ranar Juma'a, kuma tsohuwarsu ta aiko cewa ta ji labarin mijin ya yasar da ita, don duk baƙon da ya zo ba ya iske shi gida. In ba ta ga hotonsu tare ba, to Hajjo ta tattaro yara ta dawo.

"Ina Malam ɗin?" na tambaya.

"Ɗiyata, yana hawasha, gonar nan tasa. Auduga ce matarsa, ni maƙwabciya ce."

Sai ta kwance bakin mayafinta ta fito da hotonsa ɗaya tak, wanda ya ɗauka shekarar da aka ba shi gonar.

Ga ku da ba ku tarar da aikin ba, haɗa hoto haka yake. Na ɗauki Inna da yara, na bar gurbi a damanta. Na sake ɗaukar tsohon hoton a sabon fim. A ɗakin wanki kuma na haska fim ɗin biyu bi da bi kan takarda guda, ina rufe gefe ɗaya da kwali. Kowane gefe da rabonsa na haske. In ka fifita ɗaya sai ya ƙone, ɗayan ya fito fayau kamar aljani. Na daidaita tsayi, na daidaita inuwa, har na ji ina son aikina.

Ustaz ya ɗaga hoton, ya daɗe yana kallo.

"Kwayyis, ya yi kyau, Amina. To wanga babban ɗan nata, an yi masa mata?"

Inna ta karɓa ta duba. Ga ta da furfura, ga yaro mai sabon gashin baki a gefenta, da kaɗan ya girmi ɗanta na fari. Ta yi dariya har da hawaye.

"In tsohuwa ta ga wanga, cewa za ta yi na sake miji."

Ta tura ɗanta da hoton har gona. Washegari da hantsi sai ga Malam Bube, da ƙurar auduga a rawani, yana huci.

"Wa ya zaunar da yaron ga kusa da iyalina?"

"Kai ne, Baba," na ce.

"Na san ni ne! To ina sauran shekaruna?"

"Suna hawasha, Malam," in ji Ustaz. "Mu abin da aka kawo mana muke wankewa."

Na sake jera Inna da yara gaban na'urar hoto. Malam Bube ya zauna a gurbin nan, autarsu ta haye cinyarsa tana jan gemunsa, ya rasa yadda ake riƙe ta. Da ya fara waigen ƙofa, Inna ta taka masa gefen jallabiya har na gama ɗauka. Wannan hoton ƙanenta ya tafi da shi, ba a ƙara zancen komawa ba.

Na ɗauko na farkon zan yaga, ta riƙe hannuna.

"Bar mini shi. Da wanga na yi alkawari, wancan tsohon daga baya ya zo."

A ranar na san iyakar sana'armu. Hannu mai kyau zai iya zaunar da mutum a tsakiyar iyalinsa, amma shekarun da bai zauna ba, babu ruwan magani da zai fito da su. Tun daga nan, duk wanda aka ce in haɗa, nakan fara tambaya ko yana da rai. In yana da shi, sai in ce a je a kira shi, kujera na nan.