Matar da ta buɗe wa Baba Tela zanensa

Kafin masu shaguna su gama shara ta iso ɗan ɗakinta na ƙarshen layin teloli, ta kunna fanka, ta hau hure ƙura daga kwamfutocin mutane. Mai gyaran kwamfuta ce, Anti Jira-kaɗan ake ce mata, don amsarta ke nan ga kowa. Wannan watan za ta ajiye aiki, ido ya gaji, kuma har yau ba wanda ya tako ya ce mata sannu. Abin haushi!

An manta ranar da keken surfanin Baba Tela ya tsaya ke nan? Duk zanen surfanin da ya tara, wanda keken ke bi daga kwamfuta, a intanet yake ajiye, kuma ba ya buɗuwa sai da wata 'yar manhajar kamfani da ake maƙala wa burauza, wato manhajar shiga intanet. Kamfanin ya wayi gari ya daina yin ta. Zane naka, gumi naka, amma ƙofa a kulle. Ga kayan mutane jibge a tebur.

"'Yata, aikina ya tafi ke nan?" in ji Baba.

"Jira kaɗan, Baba."

Ta nemo wata manhajar ta kyauta, irin wadda masu ita ke barin cikinta a buɗe, kowa ya duba ya gyara. Maimakon godiya sai tsegumi. Wani tela maƙwabcinsa ya leƙo: "Wannan mai kama da ɗinkin ɗan koyo? Baba, kada ta cinye maka zane!"

"Ta kamfanin ai ta riga ta cinye," in ji Anti, ko kai ba ta ɗaga ba.

Gaskiya dai manhajar tana da nauyi, kuma da farko furen surfanin a karkace ya fito. Da ta kamfani ce sai dai a zuba ido. Wannan kuwa Anti ta kutsa cikinta, ta tuntuɓi masu yin ta, suka yi ta kai-komo har fure ya miƙe. Keke ya tashi, tsoho ya juya baya yana share ido. Washegari sai ga maƙwabcin da tasa kwamfutar a hammata, ko kunya babu.

Ke ce mai buɗe abin da aka kulle, Anti. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma samarin layi masu latsa waya safe da yamma, wani ya ja kujera ya zauna kusa da ita ya koya tun tana nan. In ba haka ba, ranar da wani kamfani ya sake garƙame ƙofa, kada wanda ya zo mana da kuka.