Hancin Baba da Taguwar Shef

Babanmu wankau ne, mai wankin tufafin mutane, a bakin tabkin Madarumfa ya ci ƙarfinsa, kuma bai taɓa sa wa tufar kowa alama ba. Sauran masu wanki sukan ɗaura zare ko su ɗiga tawada a wuyan riga. Shi hancinsa ya ishe shi. Kafin ya jiƙa kaya sai ya ɗaga taguwa, ya shinshina hammatar, ya jefa ta tulin mai ita. Ni ke yi masa guga a lokacin, aurena ya mutu na dawo gida.

Yakan ce kowane gida da nasa warin. Na masunta ƙarni ne a sama, a ƙasa kuma mutum ne kamar kowa. Manoman Safo tsami-tsami, kamar ƙullun da ya kwana. Direbobin kan iyaka kuwa, in ka cire man mota sai albasa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, sabuni ya yi tsada, mutane suka koma wanki da kansu. Abin da ya riƙe mu wankin gida ɗaya ne, na masu haƙa rijiyoyin burtsatse. Akwai baƙi biyu 'yan Japan a ciki, su suka fara rikita Baba. Suna yini a rana, gishirin gumi ya zana musu baya, amma hammata shiru. Ya shinshina, ya sake, ya ce, "Waɗannan mutane ne kuwa?" Daga baya ɗayarsu ta gaya mini cewa gumi shi kaɗai ba ya wari, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke cin sa a hammata, su kuma mutanensu galibi jikinsu ba ya ba halittun abin ci. Halitta ce kawai, ba a saya ba a koya.

Je ka gaya wa shef, wato shugaban aikin, wannan magana. Ɗan ƙauyen Gabi ne, kowa ya san gonarsu, amma ya yi lakwal, wato boko, a Yamai ya dawo yana taka ƙasa kamar aro aka ba shi. A wautarsa baƙin nan wayewa ce ta hana su wari, don haka wanka uku a yini, turaren Jibiya kamar ya faɗa cikin kwalba. In ya wuce sai ka yi atishawa. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi ba, har yau kuma ban ji na yi laifi ba.

Mahaifinsa ya zo jinyar ido, shef ya sauke shi a zaure kusa da mai gadi, wai warin ƙauye zai dami baƙi. Ya kuma yi kashedi kada a haɗa wankinsu. Kukun gidan, malalaci, ya ƙunshe kayan kowa a zane ɗaya ya aiko mana. Baba ya rarraba da hanci yadda ya saba. Ran Juma'a sai ga tsoho ya fito masallaci fes cikin farar taguwar shef. Da idon nasa, ina zai gane ba tasa ba ce?

Bayan la'asar shef ya sa direbansa ya faka mota bakin ruwa, gaban masu wanki da masu gyaran taru.

"Kai tsoho, makaho ne kai? Ka dubi tufata ka jefa cikin tsummokaran ƙauye?"

Na san in wankin nan ya tafi, tukunyarmu ta tafi. Na yi ta yi wa Baba ido ya ba da haƙuri, ya ce kuskure ne, shi ke nan.

Baba ya share hannu a wandonsa. "Ranka ya daɗe, ban yi ganganci ba. Sau biyu na shinshina. In aka kau da turaren, kai da mahaifinka ɗaya ne."

Wani masunci ya tuntsire da dariya. Shef ya juya ya shige mota. Ya sa direba ya kwashe kayan, har da jiƙaƙƙu, daga ranar Maraɗi ake kai musu wanki. Daminar nan mun sha kunu ba adadi, na kwana uku ba na yi wa Baba magana.

A na huɗu tsohon nan, mahaifin shef, ya zo da sandarsa yana lalube. Ya zauna kan dutsen wanki, ya ce, "Malam, an ce ka yi wata magana a kaina. Maimaita mini da bakinka."

Baba ya maimaita, bai rage ko kalma ba.

Tsohon ya daɗe yana gyaɗa kai, ruwa na bin idon nan mai ciwo. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe akwai abin da ya rage masa nawa."